Munduwar Habi

A shekarar da gyaɗa ta yi kyau a Matameye, Cha'ibu ya ce zai kai iyalinsa su ga Damagaram. Matarsa A'i ba ta so ba. 'Ya'ya uku ta binne, duk mata, kuma ba wadda ta kai yaye sai Habi, ita ma ba ta daɗe ba. Da ta haifi ta huɗu, tsofaffi suka ce wabi ne, yarinya ɗaya ce ke zuwa tana komawa, sai a ɓoye wannan. Aka raɗa mata Maryama a kunne, aka sayar da ita ga matar maƙeri a kan ƙwaryar gero, aka shiga kiranta Baiwa, don in abin da ke ɗaukewa ya zo ya ga ba 'yar gidan ba ce, ya wuce. Yanzu shekararta shida, sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakin kowa ba.

Kamiyon gyaɗa, babbar motar kaya, ya sauke su da hantsi. Suka zaga lungunan Birni, suka ga gidajen attajirai masu zane a goshin ƙofa, da manyan duwatsu da suka hau kan juna ba su faɗo ba. Cha'ibu na gaba yana nuni da sanda kamar shi ya gina garin. Baiwa ta sha rake har ya ɓata mata riga, A'i kuwa ba ta saki hannunta ba.

Bayan azahar wani abokin cinikin Cha'ibu ya ce kada su tafi ba su ga ɗakin da Nasara ke tara kayan mutanen da ba, can kusa da biro, ofishin kumandan, Nasaran da ke mulkin garin. Mai gadin wurin tsohon soja ne, Isufu. Ya buɗe musu yana cewa su zo su ga ludayin da matarsa za ta jefar an sa shi a gilashi ana yi masa fifita. Ɗakin da sanyi, yana warin tsohuwar fata. Akwai masu da garkuwa, da sirdi, da tukwanen da ba a san wa ya yi girki a cikinsu ba.

A'i ta tsaya kallon wani zane saƙi, hannun yarinyar ya zame daga nata. Da ta waiga, Baiwa na can ƙuryar ɗaki, goshinta a jikin gilashi. A ciki ƙananan mundayen ƙarfe ne, irin waɗanda ake sa wa 'ya'yan wabi a ƙafa. Isufu ya ce masu aikin hanya ne suka tono su a gindin wata tsamiya wajen Tsauni, kusa da Matameye.

A'i ta san tsamiyar. Can ake binne mundayen yaran da suka koma, kuma da hannunta ta binne ta Habi, mai ɗan lanƙwasa a baki inda gudumar maƙeri ta goce. Ga ta nan, ta biyu daga hagu.

"Inna, ga tawa," in ji Baiwa, ba ta juyo ba. "Ta matse ni ranar da aka yi ruwa."

Ranar da Habi ta rasu ruwa aka wuni ana yi. Ba wanda ya taɓa gaya wa yarinyar ma an yi wata Habi.

A'i ta kira ta, Baiwa, Baiwa, a hankali. Ko motsi. Cha'ibu ya kira, shiru. Isufu ya fara kaɗa makullai, ya ce lokacin rufewa ya yi, kuma kumandan ba ya son a shafa masa gilashi. Kunya ta kama Cha'ibu a gaban baƙo, a ce 'yar cikinsa ta ƙi jinsa. A'i ta ga bakinsa ya buɗe, ta miƙa hannu, ba ta kai ba.

"Maryama, zo nan."

Nan take yarinyar ta juyo. Ta zo tana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, ita da ba abin da ya same ta.

A waje Cha'ibu ya ce camfi ne kawai, Allah ke rayawa. A'i ta ja yarinyar ta tsallaka hanya zuwa inuwar wata bishiyar bedi, inda wata tsohuwa ke zaune da ƙwaryar fura. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce 'yar wabi ce da ita, yanzun nan aka kira sunanta a fili, tana roƙo a saye ta ko da ludayin fura ne, a sake mata wani suna kafin rana ta faɗi.

Tsohuwar ba ta yi mamaki ba, ta san al'adar. Ta goge hannu a zane, ta ɗebo fura cike da ludayi. Sai ta ɗaga kai, ta dubi Baiwa, ta kuma dubi gefen A'i na hagu inda ba kowa, ta daɗe tana kallo.

"To, 'yar nan," ta ce, "wacce a cikinsu zan saya?"