Koriyar Riga

A garinmu na Pellew, idan hunturu ya kankama, abu biyu ne ke hana mutane haukacewa: coci da wasan hoki na kan ƙanƙara. Kulob ɗin matasanmu yakan kwaso samari daga nesa ya rarraba su gidaje, su zauna har ƙarshen kakar wasa. Haka aka kawo mana Teagan Wolchuk yana ɗan shekara sha shida, siriri kamar sandar wasansa, ga ci kamar gara.

Hunturu huɗu ya yi a gidanmu. A cikinsu ne mijina Orest ya fara mantuwa. Ya manta hanyar gonar da ya noma tun yana saurayi, wata rana har ya tambaye ni ko ni ce nas. Amma bai taɓa manta Teagan ba. Kafin kowane wasa tare suke cin kaza da taliya, kuma in ba yaron ne ya miƙa masa cokali ba, ba ya buɗe baki.

"Tsoho, za ka cinye ko in taya ka?"

"Taɓa ka gani, ɗan nema. Kai da ko raga babu gola ba ka iya ci!"

Bana ce kakarsa ta ƙarshe, don wanda ya haura ashirin ya gama da wasan matasa. Mu kuwa sai kashi muke sha. A watan Janairu kocinmu ya yi musanyarsa da wasu yara biyu, ya tura shi Brancott. Brancott fa! Garin da Orest bai taɓa yarda ya sha ko fetur a cikinsa ba saboda ƙin koriyar rigarsu. Wanda aka musanya kuwa ranar yake tattara kayansa. Na je na wanke kocin tas, ya sunkuyar da kai ya ce ai haka wasan yake.

Teagan ya rungume ni a bakin ƙofa. "Mama, kada ki bari ya manta ni."

Na yi iya yina. Kullum ina nuna wa Orest hotonsa, kullum yana tambaya ina yaron ya shiga. Ya rage cin abinci har wandonsa ya fara zamewa. Na sa rai ga wasan rufe kaka, da Brancott za su zo filinmu. Na ce da ya gan shi ido da ido, komai zai dawo.

Ranar na sa wa Orest jar rigar kulob ɗinmu, na zaunar da shi a layin gaba, jikin gilashin da ya zagaye filin. Da 'yan Brancott suka fito kan ƙanƙara, jama'a suka ɗauki ihu kamar yadda aka saba tun kakanni. Teagan ya ci mu ɗaya, bai ko ɗaga sanda don murna ba, ya koma benci kansa a ƙasa.

Da aka tashi, ya sulalo a kan ƙanƙara har gabanmu. Ya cire hular kwano, gashinsa jiƙe da gumi, ya ɗora tafinsa a kan gilashin.

"Tsoho! Ni ne. Ka ga yau na ci da gola a raga?"

Orest ya dube shi. Na ga idonsa ya sauka kan koriyar rigar, bai sake hawa sama ba. Ya yunƙura ya miƙe, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba, ya daki gilashin.

"Tafi can, ɗan Brancott! Da yaronmu yana nan da kun gane kurenku!"

Teagan ya yi ta murmushi, hawaye na zuba. Motarsu tana jira, kocinsu yana kira. Ya sauke hannunsa ya juya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, kuma ban san wanda zan fara rarrasa ba.

A gida na zuba wa Orest abinci. Ya ture farantin, yana kallon kujerar Teagan da ke gefensa.

"Lorna, rufe nasa," in ji shi. "Kin san ba ya son taliya ta huce."