Na'ura a Tafin Takalmi

Tsoron da na tashi da shi ranar konkur, jarrabawar shiga kaki, ɗaya ne: kada numfashina ya yanke a zagaye na uku, in faɗi a gaban mutanen Gaya. Wata biyar ina gudu kowace safiya a kan hanyar Bengu saboda wannan tsoron. Ban taɓa kawo wa raina cewa ba za a bar ni in taka filin ba.

Mun haura ɗari biyu a layi, kowa da dosiyen takardunsa a hannu, muna neman shiga aikin kaki. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe kadarkon da ya haɗa mu da Malanbil a ƙetaren iyaka, manyan motoci suka daina wucewa, ayyukan gari suka bi su. Kaki kaɗai ke ɗaukar mutum. Ni kuwa a wata mai kamawa zan cika shekarun da ba a karɓar wanda ya kai su, ga diplom ɗina na ilektronik shekara uku yana kwance cikin leda a akwatin Inna.

Kawu Gambo, ƙanen mahaifiyata, shi ya ba ni takalmin gudun. Takalman gwanjo yake sayarwa a bakin tasha, kuma yanzu dilolinsa ta kogi suke zuwa a kwale-kwale, 'yan dako su hauro da su a ka. Ya sha ce mini in shiga cikinsu, ni kuma in amsa da ladabi cewa ba don dako na yi karatu a Yamai ba. Ranar da ya ba ni takalmin, na ɗaga shimfiɗar cikin ƙafar hagu, sai ga wani ɗan rami, a cikinsa wata na'ura da ba ta fi ɓarin goro ba.

"Yar da ita," in ji Kawu. "Tarkacen nasara ne."

Ban yar ba. A kan irin waɗannan na'urori na rubuta memuwar ɗina, wato kundin ƙarshen karatu, daga hotuna kawai, kuma wannan ne karo na farko da na riƙe ɗaya a hannuna. Na san pil ɗinta, wato batirin, ya mutu tun ina koleji. Duk da haka na mayar da ita mazauninta, ina gaya wa kaina cewa ramin zai dami ƙafata idan na bar shi fanko.

Kafin gudu ana auna tsayi, kuma sarjan ɗin da ke awon yana duba kowane takalmi, domin gajeru kan cusa kwali a ciki. Wanda ke gabana, wani Yacuba daga Yelu, laya aka samu ɗinke a nasa.

"Malaminka ne zai yi maka gudun, ko kai?" in ji sarjan. Layi ya kwashe da dariya, ya jefa masa takalminsa. "Wuce, Allah ya sa ta ci."

Ya ɗaga shimfiɗar nawa, ya zaro abin da farce. "Kai ma laya? Taka ta zamani ce." Har ya miƙo mini takalmin.

Da na ce i, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Amma ba a taɓa tambayata abin da na sani na ba da amsar da ba daidai ba.

"Ba laya ba ce, shef. Na'ura ce. Tana ƙirga taku, sai ta aika."

Hannunsa ya tsaya. "Ta aika wa wa?"

Aka fitar da ni daga layi da takalmi ƙafa ɗaya, aka kai ni wani ɗaki a bayan rumfar manya. Ajidan Mumuni ne a ciki, na gaba da sarjan, dattijo mai furfura, idonsa ja don gajiya. Ya ajiye na'urar a tsakiyar tebur, ya duba dosiyena.

"Alassan, mai diplom. To, yi mini bayani."

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na gyara tsayuwa kamar yadda na yi a gaban malaman da suka saurari memuwar ɗina, na fara daga farko. Na ce shekara arba'in da suka wuce aka fara sa wa takalmi ɗan allo a harshensa mai nuna taku da nisa. Na ce akwai wanda aka ɗora wa akwati a dunduniya, sai an jona masa waya da ordinate, wato kwamfuta, kafin a san abin da ya ƙirga. Daga baya aka yi mai ɗan inji a tafi, yana ƙara tauri ko laushi gwargwadon ƙasar da aka taka. Sannan aka zo kan irin wannan, wadda ke magana ta iska da abin sauraren kiɗa ko salula. Ina jin muryata tana ƙara ƙarfi. Shekara uku ke nan ba wanda ya saurare ni haka.

"Wato tana magana da salula," in ji shi.

"Lokacin da take da rai, shef."

"Ta san inda mutum yake?"

"Wannan ba ta sani ba. Amma na yanzu, idan aka haɗa su da salula, ana iya zana duk hanyar da mutum ya bi."

Na ga ya rubuta wannan jimlar, ita kaɗai.

"Daga ina takalmin ya fito?"

"Daga Kotonu. Ta ruwa."

Ya ajiye biro a hankali. "Daga ƙetare, ta inda aka hana, zuwa filin da duk kakin garin nan ke tsaye yau. Ɗana, in kai ne ni, me za ka yi?"

Na roƙe shi ya bar ni in yi gudun ba takalmi, a tsare ni bayan an gama. Ya ce shi ba zai ɗauki wannan a wuyansa ba, sai abin da na sama suka ce. Ya buga wa manyansa waya a Doso, aka ce ya jira.

Ta taga na ji usur ɗin rukuni na farko. Na san nawa ne na huɗu. Da aka busa shi, sai na sami kaina ina shaƙar iska kamar yadda na saba, taku biyu ciki, taku biyu waje, ina zaune a benci da safa ƙafa ɗaya. Na ji ihun zagaye na uku, inda nake tsoron faɗuwa. Na ji wani yana kiran sunan Yacuba da murna. Bayan rukuni na shida filin ya yi tsit.

Sai bayan la'asar amsa ta zo: a fasa a gani. Sarjan ya kawo guduma. Bugu ɗaya na'urar ta tsage, pil ɗin ya gangaro a kumbure, da farin gari a jikinsa kamar kanwa. Ajidan ya taɓa shi da bakin biro, ya daɗe yana kallo.

"Da ka ce laya ce mana."

"Ba laya ba ce, shef."

"Na sani." Ya turo mini takalmin. "Ka dawo baɗi."

"Baɗi shekaruna sun wuce."

Ya buɗe dosiyen, ya duba ranar haihuwata, leɓensa yana motsi. Ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu.

Labari ya riga ni zuwa tasha. Kawu yana zaune a gindin takalman da ya rataye, tare da Hama, shugaban 'yan dakon bakin kogi, suna shan shayi.

"Injiniya!" in ji Hama. "An ce takalminka na buga wa Kotonu waya. Ka ce ya tambayo mana ko dila ta taso."

Kawu ya harare shi, ya matsa mini a benci. Na jira ya ce ai ya gaya mini in yar. Bai ce ba, kuma da ya ce da ya fi mini sauƙi.

Na kwance takalmin, na kakkaɓe ƙurar, na daidaita shimfiɗar a kan ramin, na ɗaure igiyoyin biyu wuri ɗaya, na rataye shi a cikin na sayarwa. Sannan na juya ga Hama, na yi magana da ƙarfi yadda masu teburin kusa za su ji, don kada gobe in sami hanyar fasawa.

"Baba Hama, ka sa sunana. Gobe in kwale-kwale ya iso, da ni za a ɗauko dilar."