Man Shanu a Ramin Dutse

…kuma ni aka aiko. Ni. Shekara sittin da ɗaya, gwiwa na ƙara, ina hawa tudun matattu da man shanu a cokali saboda Alvar yana tari.

Tari fa. A Stockholm, cikin gida mai ɗumi, ga mata, ga likita a bakin ƙofa.

“Gunnel, ƙaninki ba lafiya, na ji a muryarsa. Je ki shafa wa dutsen mai, ki kira sunansa.” Daga kan gadon da nake juya ta safe da yamma Mama ke faɗar haka. Ba ta tuna ko ta ci abinci, amma tarin Alvar a waya, wannan kam ta riƙe.

Ga duwatsun nan a tsaitsaye, ashirin da huɗu, an jera su siffar jirgin ruwa, tumakina na kiwo a tsakani. Ba don tumakin nan ba da tuni ƙaya ta cinye wurin. Wa ya taɓa cewa sannu? Wanda aka ƙone aka binne a nan, ko wane ne shi, mutanensa sun jawo masa duwatsun nan da ƙarfin ƙirjinsu. Yau har shi nake jin kishi.

Shimfiɗaɗɗen dutsen da ake shafa wa man yana can wajen goshin jirgin, da ’yan ramukansa kamar an danna yatsa a ƙullu. Sunan mutum ɗaya ake kira daga gida ɗaya, sai kuma wani watan ya tsaya, haka kakarmu ta ce. Dutse ba ya jin biyu. Shekarar ƙyanda… ni da Alvar a kwance, ɗaki ɗaya, zazzaɓi ɗaya. Ta taga na hango Mama durƙushe cikin ƙanƙara a gaban dutsen nan. Da ta dawo na tambaye ta sunan wa ta kira.

“Ke ai ƙarfe ce, Gunnel, me za ki yi da mai?”

Ƙarfe. To ƙarfen yana da ƙullutu a hammatar hagu, wata biyu ke nan. Alhamis likitoci za su yanka su duba. Wa zan faɗa wa? Mama? Ko Alvar, ya ce “ayya, Yaya,” ya aiko furanni?

Ni ban ma yarda da abin nan ba. Ban yarda ba… to me ya kawo ni gaban dutsen?

Ba mai gani sai tumaki. In ce Gunnel, in sauka in ce wa Mama an yi. Sau ɗaya dai tun da aka haife ni. Shi shayi da zuma ma sun ishe shi.

Dutsen da sanyi. Man ya ƙi narkewa, ina murza shi da yatsa, ina zagaya ramin, na ja numfashi, na buɗe baki —

Alvar.

Sunansa ne ya fita. Ban ma ji lokacin da ya taso ba. Ashe har harshena Mama ta horar masa…

Cokalin ba komai. Bari in ɗan zauna tukuna.