Gardamar Rijiya

"Baba, ɗan ba mu wuri, muryarka tana shiga rakoda," in ji ma'aikaciyar jami'a, tana gyara zama a bakin gadon Magini.

Tela ya ja takalmansa ya fita tsakar gida yana ƙunƙuni. Shi da Magini katanga ɗaya ta raba su, kuma tun suna samari ba su taɓa yarda da juna ba, ko a kan ranar da aka yi ruwa.

Za a sake fasalin unguwar ne, shi ya sa ɗakin adana tarihi na jami'a ya turo yarinyar ta ɗauki yadda aka kafa ta daga bakin wanda ya gina rabin gidajenta. Jikin Magini kuwa ya ƙi, likita ma ya daina canza magani. In bai faɗa yanzu ba, da labarin zai tafi.

Can sai ga yarinyar ta leƙo.

"Ya ƙi magana, sai kallon rufi yake."

Matar Magini ta ajiye kwanon da take wankewa tana dariya. "'Yar nan, ai kin cire masa batir. Mutumin nan in ba a ƙaryata shi ba, bakinsa ba ya buɗewa."

Tela ya koma ciki da yanga, ya zauna.

"Rijiyar farko," in ji Magini can ƙasan maƙoshi, "gabas da makaranta take."

"Yamma," in ji Tela.

"Ji ɗan banza. Kai me ka sani ban da kafar allura?"

Shi ke nan baki ya buɗe. Layi bayan layi ya zayyana mata, da wanda ya yanki filinsa aka yi hanya, da inda ruwa ke bi da damina. Tela na musu, shi yana ƙara wartsakewa, har ya nemi shayi.

Ba a jima ba Magini ya cika, wata rana da hantsi. Kewa ta kama Tela sosai. Ko ya faɗi abu a ƙofar shago, sai kowa ya ce haka ne.

Rannan ya shirya ya tafi jami'a. Yarinyar ta zaunar da shi tsakanin akwatunan tsofaffin taswirori, ta sa masa abin ji a kunne.

"Gabas da makaranta take," in ji muryar.

"Yamma," ya ce a hankali, daidai da tasa muryar ta cikin rakoda.

Sai ya dafe kunnuwa da hannu biyu yana murmushi, yana jiran zagin.