Hatsin Gonar Baffa Yari

A zauren gidansu na Ƙofar Guga aka karɓe gidauniyar marigayi Alhaji Sada daga hannun 'yarsa Safara'u, kuma Baffa Yari ne ya yanke maganar. Shi ne ƙanen marigayin, shi ya rage babba a dangi. Ya gyara zaman babbar rigarsa, ya ce aikin taimakon jama'a ya girma, ya fi ƙarfin mace, ballantana bazawara. Ga ƙanenta Ashraf ya dawo daga Abuja da digiri biyu, ya san bakin ƙungiyoyin waje, shi zai riƙe.

Safara'u ta ce, "To, Baffa." Ta tashi ta koma cikin gida, inda mata ke jin komai ta taga.

Ita ta riƙe aikin tun mahaifinsu yana kwance. Ta san zawarawan unguwar Gobarau da malaman makarantar da fansho ya yi wa nisa, mutanen da sun gwammace su yi buɗa-baki da ruwa da a gan su a layi. Irin waɗannan ba a kiransu, kai musu ake yi, cikin buhun da ba rubutu, da wani dalili da zai rufa musu asiri. Wannan a ce bashin da marigayi ya ci ne, wancan a ce saƙon wani ɗan'uwa ne daga Daura.

Na Baffa Yari kuwa, hatsin gonarsa ake cewa. Duk gabanin azumi, Sagiru mai akori-kura zai sauke gero da shinkafa a ƙofarsa, ya ɗaga murya ya ce daga gona ne. Gonar kuwa Baffa ya sayar da ita tun shekarar da ya tsaya takarar kansila ya faɗi. Daga shi sai Safara'u suka san haka, sai wanda ke kabari.

Ashraf ya zo da tsari. An buga buhuna da hoton mahaifinsu. Duk mai so ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a layi, a ɗauke shi hoto rungume da buhu, don masu ba da tallafi na son ganin fuska. Ya tambayi yayarsa ko akwai wani abin da ya kamata ya sani.

Ta ce, "Ai kai ne mai ilimin."

Sha'aban ya yi nisa, sai ga Baffa Yari a gidanta da hantsi, shi da rabonsa da gidan tun rasuwar mijinta. Ta shimfiɗa masa darduma, ta durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida, yara, zafi, ƙafar Inna Jummai matarsa, aka sake dawowa kan zafi.

Can ya ce, "Ɗiyata, mutumin nan na gona shiru."

"Wace gonar, Baffa?"

Ya dube ta. Ita darduma take kallo.

"Gonar dai da kika sani."

"Au, wannan. Ai duk gonakin suna hannun Ashraf yanzu. Ranar Asabar yake rabon amfanin. An ce a je da wuri, rana na dukan na ƙarshen layi."

"Safara'u, ni ne fa."

"Na sani, Baffa. Ni mace ce, ina ni ina maganar gona?"

Ya ɗauki sandarsa. Ta raka shi har soro, ta ce a gaida Inna da ƙafa.

Ranar Asabar Baffa ya je wurin rabon, amma a kan kujerar manya aka zaunar da shi ƙarƙashin rumfa. Ashraf ya gabatar da shi a lasifika a matsayin uban gidauniya, aka ce shi zai miƙa buhun farko. Ya miƙa na farko, ya miƙa na biyu, mai hoto yana cewa Baba a ɗan yi murmushi. 'Yan acaba da 'yan ci-rani suka kwashe kayan kafin azahar, kuma su ma mabuƙata ne. Baffa ya koma gida da kwalbar lemo da hula mai tambarin gidauniya.

Safara'u ta ga hoton a wayar 'yarta, ta sa aka ƙara masa girma. Ta san akwai gidaje a Gobarau da ke sauraron ƙarar motar Sagiru kamar yadda Baffa ke yi, mutanen da ba su taɓa yi mata komai ba. Ta tuna da su a sujada. Ba ta aika musu ko tiya ɗaya ba, don in ta aika, zancen zai je kunnen Ashraf, ya gyara kuskurensa, ya zauna daram.

Aka ga wata. Kwana kaɗan da fara azumi Inna Jummai ta aiko aron gero, wai kafin na gona ya iso. Safara'u ta ce wa 'yar aiken ita ma awo take yi.

Juma'ar da ta biyo, Baffa Yari ya tara dangi a zaure. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya yi dogon bayani a kan amana da zumunci, ya yaba wa ƙoƙarin Ashraf, sannan ya sassauta murya ya ce yana ganin yaron ya riƙe hulɗa da baƙi, rabon kuwa a mayar wa yayarsa, da shugabancin.

Ashraf ya miƙe. "Baffa, me na yi? Kowa ya ga hotuna!"

"Zauna, Ashraf."

Safara'u tana bakin ƙofa. Ta ce, "Baffa, ka gafarce ni, ban ji ba. Azumi ya toshe min kunne."

Ya maimaita.

"Wa za a mayar wa?"

"Ke."

"Ni bazawarar?"

Baffa ya haɗiyi abin da babu a bakinsa, ya ce, "Ke, Hajiya Safara'u."

Kafin la'asar motar Sagiru ta shiga lungunan Gobarau da Ƙofar Kwaya, kowane gida da dalilinsa, har da ban haƙurin jinkiri. Da Sagiru ya dawo ya tambaye ta na gidan Baffa, don ya ga an ware buhunan a gefe.

Ta ce, "Bar su nan tukuna. Hanyar gonar nan ba kyau bana."