Kalangu a Ajin Turanci

Daraktan makarantar ya ɗaga kalangun da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma a kwata.

"Mushe Zakari, nan lakwal ce, ba gidan biki ba. Iyaye sun ce kana mayar musu da yara makaɗa. Gobe sufeton makarantu zai zo. In ya ga wannan, ka yi bankwana da aiki."

Zakari ya karɓi kalangunsa. Shekara bakwai yana koyar da Turanci a Zinder, inda ake ce wa malami Mushe, a kan kwantiragi, kuma rahoton gobe ne zai sa a ɗauke shi dindindin. Ya sani sarai ba ƙarar kalangu ke damunsu ba. Ubansa makaɗi ne a unguwar Birni, shi ne laifin.

Yaran nan da Faransanci aka yaye su, duk kalmar da suka kama sai sun danne mata wutsiya. Da kalangu yake yanka musu doguwar kalma gaɓa-gaɓa, ya matse tsarkiya inda murya za ta hau.

Washegari sufeto ya zauna a bayan aji, ya rubuta wa yara "responsibility" a allo da hannunsa, ya ce su karanta. Na farko ya haɗiye rabinta. Ta biyu ta kai tsakiya ta tsaya. Darakta ya yi tsaki, alƙalamin sufeto ya fara tafiya.

Haushi ya turnuƙe Zakari. Shi da yake da magani a aljihun tebur, zai tsaya a yanka shi yana kallo? Ya fizgo kalangun ya maƙala a hammata. Bugu shida, na huɗu ya ɗaga.

"Res-pon-si-BI-li-ty!" Yara saba'in, baki ɗaya. Ya cire wutsiyar, suka ba shi "responsible". Ya ƙara mata kai, suka ba shi "irresponsible". Ko ɗaya ba su yi tuntuɓe ba.

Da aka tashi, sufeto ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

"Kai, wallahi hannunka na da zaƙi! Gado ba karambani ba. Ran Asabar ina aurar da ɗiyata, ka zo mana da abin nan."

"Ranka ya daɗe, rahoton fa?"

"Bayan biki mu gani."

Zakari ya tsaya shi kaɗai a aji, alli a hannun dama, kalangu a na hagu. Asabar saura kwana uku.