Ruwa Mai Gudu

Kunu ne ya ƙone Mahadi, ɗana na biyu. Na sauke tukunya na juya in ɗauko ludayi, shi kuma ya tako ya jawo ta. Daga gwiwa zuwa idon sawu fatar ta saɓule. Inna, uwar mijina, ta kawo gashin zomo ta ce a liƙa a kan ƙunar kamar yadda aka saba. Na ƙi. Na ce ɗana asibiti za shi, inda ake da tsabta. Mijina Dalhatu ya ɗauke mu a babur daga Nahuce zuwa wani ƙaramin asibiti da ke wajen Bungudu. Lokacin shekara biyu ke nan da aka ba mu jiharmu.

Abin da na fara gani a ƙofar ɗakin yara farin daro ne a kan kujerar ƙarfe, ruwan ciki fari kamar madara, yana ƙanshin magani, ga tawul rataye a gefe. Sista Rakiya, wadda ke wanke wa yara ciwo, ta ga ina kallonsa ta ce na zo a sa'a. Kwanan baya aka kai su horo Gusau, su da ma'aikatan Tsafe, aka koya musu yadda za a hana majinyaci ya zo da cuta ɗaya ya koma da biyu. Kafin ta taɓa kowane yaro sai ta tsoma hannu a daron, ta goge da tawul. Ba ta taɓa tsallakewa ba, na sa ido. Hankalina ya kwanta, har na aika wa Inna cewa ta ajiye gashin zomonta.

Famfon asibitin ya daɗe da bushewa. Da safe ake cika daron daga rijiya, a ɗiga magani, shi ke nan sai gobe. Kafin azahar ruwan ya koma kalar tsari, wato ruwan wankin hatsi, tawul ɗin kuma ba ya bushewa.

Da farko ƙunar ta yi kyau, ja sumul. Daga baya ta soma tsatsafo da wani ruwa kore, warinsa ya kama zanena. Zazzaɓi ya rufe Mahadi. Yaron da ke gadon gefe, wanda aka kawo da ƙurji a cinya, irin ruwan nan ne ke fita daga nasa ciwon. Na tambayi Sista Rakiya, ta ce ƙuna haka take, in yi haƙuri.

"Maman Mahadi, kin fi likita tambaya," in ji ta. "Ko za ki karɓi hular tawa ta nas ne?"

Ran wata Talata mota ta zo daga Gusau da wata babbar nas, Hajiya Jummai, wadda ta shugabanci horon. Ta zo ta gaya wa ma'aikata sakamakon abin da aka koyar. Da yake ba su da ɗakin taro, a baranda suka jera benci, daidai tagar da gadon Mahadi yake. Da Hausa ta yi magana saboda masu shara su ji. Ni ma na ji, ina yi wa ɗana fifita.

Ta ce labarin Tsafe mai daɗi ne: ciwon da ke ruɓewa a asibiti ya ragu ƙwarai. A nan kuwa bai ragu ba, ya ma ƙaru, kuma sun daɗe suna neman dalili, don ma'aikatan nan ba su gaza wajen wanke hannu ba. Ta tuna musu cewa a wurin horo an ce a wanke hannu da ruwa mai gudu, kowa ya yi dariya, wani ya ce sai dai a mayar da asibiti bakin gulbi. Shi ya sa aka saya musu daro. To, ranar rabo darukan sun ƙare kafin motar ta isa Tsafe. Mutanen can suka yi ta mita, suka koma amfani da butar alwala, wannan ya zuba wa wancan, ruwan ya tafi ƙasa. Ashe shi ne ruwa mai gudun. Daro kuwa, abin da hannun farko ya bari a ciki shi hannun ƙarshe yake ɗauka.

Ta taga na ga Sista Rakiya ta buɗe tafukanta a cinya tana kallonsu.

Wani ya tambaya ko a zubar da daron yanzu. Hajiya Jummai ta ce su nemi buta tun yau, amma sauran wuraren da aka raba wa sai an kai bayani ofis an amince, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya, in an samu man mota.

Da aka tashi na ɗauki butata na tsaya a ƙofa. Sista Rakiya ta iso, ta miƙo hannuwa. Na zuba mata, ta cuɗa da sabulu, na sake zubawa. Ta kwance bandejin. Naman ya yi baƙi a gefe, kumburin ya haura gwiwa. Mahadi bai ko yi kuka ba.

"Ku kai shi Gusau yau," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ki yafe mini, Shafa'atu. Wallahi yadda aka ce haka na yi."

Na san haka ta yi. Da ta kasance malalaciya, da na samu wanda zan riƙe.

A Gusau likita ya duba, ya ja Dalhatu gefe. Da Dalhatu ya dawo bai iya kallona ba. Ya ce ko ƙafa ko rai, kuma ya riga ya amsa. An yanke ta a saman gwiwa.

Inna ta zo dubiya da fura. Ba ta ambaci gashin zomo ba, ni ma ban ambata ba. Ta daɗe tana kallon wurin da zanen gado ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa, ta ce Allah ya sa kaffara ne.

A ƙofar wannan ɗakin ma akwai farin daro da tawul. Na gaya wa nas ɗin da ke aiki abin da na ji a baranda, ta ce ba a aiko musu da wani sabon umarni ba tukuna. Saboda haka na ja tabarmata gindin gadon, buta a hannu, duk wanda zai taɓa ɗana sai na zuba masa. Wasu suna miƙo hannu, wasu suna tsaki. Sauran gadajen ba ni da iko a kansu, ina dai kallo ana tsomawa ana wucewa.

Jiya Mahadi ya farka ya ce in sosa masa ƙafa. Na kai hannu ga mai lafiyar, ya ture ni, ya ce ba wannan ba.